Gidan Stephen Hopkins: mutum takwas a jirgi, da ƙasar da ta zama tasu

A ranar 6 ga watan Yuni na 1644, wani dattijo Bature mai shekara 63 ya bar wasiyya a garin Plymouth, a gaɓar tekun da ke jihar Massachusetts ta Amurka a yau. Ya ce a binne shi kusa da matarsa gwargwadon iko. Daga nan sai ya shiga rabon dabbobi. Babban bijiminsa ya bar wa ɗansa Giles, goɗiyarsa kuma ga babbar 'yarsa da ke raye, Constance. 'Yan matan huɗu da ba su yi aure ba, kowacce ta samu saniya da maraƙi da cokalin azurfa guda. Shanun ma da yawansu da sunayensu a takardar. Akwai wadda ake kira Motley, wadda ya raba ta biyu tsakanin Deborah da Damaris, wato su yi tarayya a nononta da abin da za ta haifa. Ya kuma gindaya sharaɗi cewa muddin 'yan matan nan ba su yi aure ba, ƙofar gidan ubansu a buɗe take gare su, ko da gidan ya koma hannun ɗan'uwansu Caleb.

Sunan dattijon Stephen Hopkins. Na fara da wasiyyarsa ne saboda duk wanda ya taɓa zama a wurin rabon gado zai gane muryar: uba ne yake tsoron kada 'ya'yansa mata su wulaƙanta bayan ransa. Amma ƙasar da shanun nan ke kiwo a kanta, shekara 30 kafin wannan rana, gonakin masara ne na wasu mutane da ake kira Patuxet. Abin da nake so mu warware ke nan: ta yaya gida guda na talakan Ingila ya tashi daga neman abin kai wa baka har ya zama mai rabon gado a ƙasar wasu?

Mu a nan, in aka ce mulkin mallaka, abin da ke zuwa mana a rai shi ne Razdan da Di'o. Ma'aikata ne da ake turowa, su yi wa'adinsu, su karɓi haraji, su tattara su koma gida. Na Amurka wani iri ne daban. Can mutum yakan zo da matarsa da 'ya'yansa da barorinsa, kuma ba shi da niyyar komawa. Wanda ya zo mulki yana bukatar mutanen ƙasa su zauna su biya haraji. Wanda ya zo zama kuwa filin yake bukata, kuma duk ɗan da aka haifa masa ƙarin fili ne zai nema. Shi ya sa tarihin iyali irin na Hopkins ya fi tarihin gwamnoni nuna yadda abin ya gudana.

An yi masa baftisma a ranar 30 ga Afrilun 1581 a ƙauyen Upper Clatford da ke yankin Hampshire a kudancin Ingila. Ya auri wata mata mai suna Mary, suka zauna a Hursley, suka haifi Elizabeth da Constance da Giles. A 1609 ya bar su, Giles bai kai shekara biyu ba, ya shiga jirgin ruwa mai suna Sea Venture wanda kamfanin Virginia ya tura da mutane da abinci zuwa Jamestown, sansanin da Turawan Ingila suka kafa a yankin Virginia na Amurka. Aikin da ya samu shi ne na yaron limamin coci: ran Lahadi shi ke karanta wa jama'a Zabura da surorin Littafi, domin yana da karatu kuma bakinsa a buɗe yake.

A ƙarshen watan Yuli guguwa ta rutsa da su. Kwana da kwanaki maza suna kwarfar ruwa daga cikin jirgin ba barci, har matuƙa suka cusa shi tsakanin duwatsun tsibirin Barmuda. Mutum wajen 150 ne a ciki, kuma duk suka fita da rai. Tsibirin babu mazauna, ga aladun daji, ga kunkurun ruwa, ga tsuntsaye da kifi. Waɗanda suka saba da yunwa a Ingila sai suka fara tambayar kansu: me zai kai mu Jamestown mu yi wa kamfani bauta?

A watan Janairun 1610 Hopkins ya faɗi abin da ke ransa ga wasu mutum biyu. Hujjarsa ita ce, ikon gwamna Sir Thomas Gates, wanda ke tare da su a tsibirin, na Virginia ne, kuma tun ranar da jirgi ya fashe wannan iko ya faɗi, don haka kowa ya zama mai ikon kansa. Mutanen biyu suka kai ƙararsa. Aka sa masa ankwa, aka gurfanar da shi gaban jama'a, aka yanke masa hukuncin kisa bisa laifin tayar da bore. William Strachey, wanda yake cikin jirgin kuma ya rubuta labarin, ya ce Hopkins ya yi ta kuka yana roƙo, yana cewa in aka kashe shi matarsa da 'ya'yansa sun shiga uku. Kukan ya taɓa zukatan manyan tafiyar, suka yi ta kai gwauro suna kai mari wurin gwamna har ya yi masa afuwa.

Iyalin da ya ambata ya tsira da ransa, shi bai sake ganin uwarsu ba. Da suka gama sassaƙa ƙananan jirage biyu da itacen tsibirin da ragowar katakon Sea Venture, suka isa Jamestown a watan Mayun 1610, suka tarar da mutum wajen 60 kacal a sansanin, fata da ƙashi, bayan yunwar hunturun da ya wuce. Hopkins ya yi shekaru a can. Mary kuwa ta rasu a Hursley a watan Mayun 1613. A takardar ƙidayar kayan da ta bari an rubuta ta a matsayin wadda mijinta ya mutu, alhali yana raye a ƙetaren teku. Cikin kayan akwai na ɗan shagon da take riƙe 'ya'ya uku da shi. Ita ce mutum ta farko da tafiyar nan ta ci, kuma ba kasafai ake tunawa da ita ba.

Ya dawo Ingila, ya auri Elizabeth Fisher a unguwar Whitechapel ta Landan a farkon 1618, suka haifi 'ya mace, Damaris. Bayan shekara biyu sai ga shi zai sake tsallaka teku, wannan karo da iyalinsa, a jirgin ruwa mai suna Mayflower.

A nan akwai wani kuskure da ya yaɗu. Ana yawan ba da labarin jirgin Mayflower kamar duk waɗanda ke ciki masu gudun hijirar addini ne. Gaskiya akwai su: jama'ar da ta ɓalle daga Cocin Ingila ta zauna a Leiden ta ƙasar Holan. Amma 'yan kasuwar Landan da suka zuba kuɗin tafiyar sun haɗa su da wasu mutanen da neman arziki ya fito da su, kuma Hopkins na cikin waɗannan. Yarjejeniyar kuwa ta hannun jari ce. Duk wanda ya kai shekara 16 ana lissafa jikinsa a matsayin hannun jari guda na fam 10. Za a yi aiki tare shekara bakwai, a ci daga rumbu ɗaya, sannan a raba gidaje da filaye da riba. Magidancin da ya kawo mata ko bara, yana da ƙarin kaso a kan kowannensu. Yara masu shekara 10 zuwa 16, biyu ne ke tashi mutum guda. Da wannan lissafi za a gane dalilin da ya sa mutum zai ɗauki mace mai tsohon ciki ya sa ta a jirgi. Yawan kawunan gidanka shi ne jarinka.

Gidan Hopkins su bakwai suka shiga jirgin a watan Satumban 1620: shi, Elizabeth, Constance mai shekara 14, Giles mai 12, ƙaramar Damaris, da barori biyu, Edward Doty da Edward Leister. Suka sauka su takwas. A tsakiyar teku, cikin ɗakin ƙasan jirgi inda mutum ba ya iya miƙewa tsaye sosai, ruwa na ɗiga ta tsakanin katako, fasinja 102 a cunkushe da kayansu, Elizabeth ta haihu. Aka sa wa yaron suna Oceanus, wato mai sunan teku. Shi kaɗai aka haifa a tsawon kwana 66 na tsallakawar.

Jirgin bai kai inda takardar izininsu ta ce ba. Yankin bakin kogin Hudson suka nufa, iska da raƙuman ruwa suka tsayar da su a Cape Cod, can arewa. Nan take wasu fasinjoji suka fara cewa tunda ba a Virginia aka sauka ba, babu mai ikon ba su umarni. Maganar Barmuda ce sak. William Bradford, wanda daga baya ya daɗe yana gwamnan Plymouth, ya rubuta cewa an yi wannan guna-guni amma bai ambaci suna ba, don haka ba daidai ba ne a ɗora wa Hopkins. Abin da ya tabbata shi ne, a cikin jirgin nan akwai mutumin da ya taɓa tsayawa a bakin mutuwa saboda wannan tambaya. Maganin da aka samo shi ne takardar da maza 41 suka sa wa hannu a ranar 11 ga Nuwamba, cewa sun yarda su zama jama'a guda, su yi wa kansu dokoki su bi su. Hopkins ya sa hannu, barorinsa biyu ma sun sa. Mata ba a tambaye su ba.

Da yake ya taɓa zama a Virginia, sai ya zama idon tafiyar. A fitar farko da suka yi cikin daji suka ga wani ƙaramin itace an tanƙwaro shi, an zuba 'ya'yan itace a ƙarƙashi. Hopkins ya ce tarkon barewa ne. Suna tsaye suna kallo, Bradford da ke tafe a baya ya zagayo ya taka, igiya ta fizge shi ta ƙafa. A wannan fitar ce kuma suka tono masarar da mutanen Nauset, wata ƙabila ta asalin mazauna wurin, suka binne a kwanduna cikin yashi, suka kwashe. Irin shukar wasu ne. Sun biya daga baya, a shekarar da ta biyo, amma ranar da suka ɗiba ba da izinin kowa ba ne, kuma da wannan iri suka yi shukar da ta raya su.

Hunturun farko ya kashe kusan rabinsu. Sanyi, ciwon rashin abinci mai kyau, da ciwon ƙirji. Akwai lokacin da mutum shida ko bakwai kaɗai ke iya tashi su yi jinyar sauran. Matan aure 18 ne suka shiga jirgin, huɗu kaɗai suka ga kakar 1621, kuma Elizabeth Hopkins, mai jego, tana cikin huɗun. Gidansu duka takwas suka fita hunturun da rai, abin da gidaje ƙalilan ne suka samu.

Wurin da suka kafa gari sun same shi a share, ga gonaki, ga rafi, babu mutane. Ba daji ba ne Allah Ya ajiye musu. Tsakanin 1616 da 1619 wata annoba, wadda ake danganta ta da cuɗanya da jiragen Turawa masu kamun kifi da fatauci, ta share garuruwan gaɓar tekun nan, Patuxet kuma ta zama kufai. A ranar 16 ga Maris na 1621 wani mutum mai suna Samoset ya shigo tsakiyar gari shi kaɗai ya yi musu maraba da Turancin da ya koya wurin masunta. Da dare ya yi ya ƙi tafiya, sai aka sauke shi a gidan Hopkins, ana gadinsa. Ka ƙiyasta ɗan ɗaki mai jinkar ciyawa, ga jariri, ga yara uku, ga baƙon da ba a san nufinsa ba a kwance, mai gida ido biyu. Bayan 'yan kwanaki Samoset ya dawo da Tisquantum, ɗan asalin Patuxet wanda wani kyaftin Bature, Thomas Hunt, ya sace a 1614 ya kai Sifen don ya sayar. Satar ce ta sa annoba ba ta same shi a gida ba. A wannan rana aka ƙulla amana da Massasoit, sarkin ƙabilar Wampanoag ta yankin, wanda shi ma yana da nasa lissafin: annoba ta raunana jama'arsa, maƙwabtansa Narragansett kuwa ba ta taɓa su sosai ba, yana bukatar abokai masu bindiga.

A watan Yuli aka aiki Hopkins da wani abokin tafiyarsu, Edward Winslow, su kai wa Massasoit ziyara, tafiyar mil wajen 40 a ƙasa, Tisquantum na yi musu ja-gora, suna ɗauke da kyautar jar riga da sarƙar tagulla. A hanya suka wuce gonaki da ciyawa ta fi tsawon mutum, da ƙasusuwa da ƙoƙunan kai a fili, don babu wanda ya rage da zai binne su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, idon da ya ga ƙasusuwan shi ne ya ga kyawun ƙasar noman, kuma rahoton da aka rubuta ya ambaci duka biyun.

Yanzu mu shiga cikin gidan. A wurin Turawan wannan zamani, “iyali” ya haɗa da barori. Bara yakan sa hannu a takarda cewa zai yi wa maigida aiki shekaru kaza a madadin kuɗin jirgi da ci da sutura. A tsawon wa'adin ba ya aure sai da izini, ana iya miƙa ragowar shekarunsa ga wani maigidan, laifinsa kuma maigida ke amsawa. A watan Yunin 1621 Doty da Leister suka yi faɗa da takobi da wuƙa, ɗaya ya ji rauni a hannu, ɗaya a cinya. Jama'a suka yanke a ɗaure kowannensu kai da ƙafa, awa 24 ba ci ba sha. Kafin awa guda ta cika, azaba ta ishe su, Hopkins ya roƙa aka kwance su. Wanda aka taɓa yi wa afuwa ya san daɗinta.

Arziki ya zo a hankali, kuma ta hanyar ƙidayar kawuna. A 1623 aka ba kowane mutum eka guda ya noma wa kansa, gidan Hopkins ya samu eka shida. Shanu na farko, karsana uku da bijimi, sun iso a 1624. A 1626 mazauna suka sayi hannun jarin 'yan kasuwar Landan a kan fam 1,800 da za a biya kashi-kashi. A 1627 aka kasa mutanen gari ƙungiya 12, kowacce mutum 13, aka raba musu shanu da awaki, sannan aka bi da eka 20 ga kowane kaso. Sunan Oceanus ba ya cikin jerin 1627. Yaron teku bai yi tsawon rai ba. Damaris ta farko ma ta rasu tana yarinya, iyayen suka maya sunanta ga wata 'yar da suka haifa daga baya.

Hopkins ya kai matsayin mataimakin gwamna, ana zaɓensa har zuwa 1636. Daga nan takardun kotu suka fara ambatonsa ta wata fuskar. A 1636 aka ci shi tarar fam biyar saboda ya doki wani mutum, John Tisdale, ya ji masa rauni, aka kuma sa ya biya shi sule 40. Yana da mashaya a gidansa. A 1637 aka ci shi tara saboda barin barori da wasu suna shaye-shaye da wasa a gidan, har da ranar Lahadi. A 1638 laifin tsawwala farashin giya ne. A 1639 kuma ya sayar da madubi kwabo 16, alhali irinsa kwabo tara ne a garuruwan Massachusetts da ke maƙwabtaka. Wannan ya nuna irin garin da yake ciki, inda hukuma ke sa ido har a kan ribar madubi, ya kuma nuna cewa mutumin bai taɓa zama ɗan cikin masu tsananin addinin da ke mulki ba.

Shari'ar da ba zan iya wuce ta da sauri ba ita ce ta Dorothy Temple, 'yar aikin gidansa. Ta yi ciki da wani mai suna Arthur Peach. Shi Peach ya gudu tare da wasu barori, a hanya suka yi wa wani ɗan ƙabilar Nipmuc fashi suka soke shi, ya mutu. Kotun Plymouth ta rataye Peach da abokansa biyu a watan Satumban 1638, Turawa uku saboda ran ɗan ƙasa guda, abin da ba a cika gani ba a tarihin zaman nan. Dorothy ta rage da ciki, babu uban ɗa. Hopkins ya ce ba za ta zauna masa a gida ba. A watan Fabrairun 1639 kotu ta ce saura shekara biyu a takardarta, don haka dole ya ciyar da ita da jaririnta. Ya ƙi, aka tsare shi. Bayan kwana huɗu aka daidaita: ya ba wani John Holmes fam uku, shi kuma ya ɗauke ta da ɗanta da ragowar shekarun aikinta. A watan Yuni aka yanke mata bulala sau biyu. A ta farko ta suma, sai aka yafe ta biyu.

Mutumin da ya tsira a Barmuda da ambaton mata da ƙananan yara, wanda ya roƙa wa barorinsa maza sassauci, shi ne ya gwammace a tsare shi da ya riƙe mai jego a ƙarƙashin rufinsa. Ina ganin wannan tabo ne a kansa, kuma ba na jin zamaninsa ya wanke shi, tunda kotun zamanin nasa ce ta ce masa bai kyauta ba.

Bayan rasuwarsa a 1644, Caleb, magajin gida, ya zama ma'aikacin jirgin ruwa ya mutu a Barbados bai bar baya ba. Deborah ta auri Andrew Ring, Damaris ta auri Jacob Cooke. Ruth ta rasu ba ta yi aure ba. Waɗanda suka fi yaɗa zuriyar su ne 'ya'yan Mary, matar da aka bari a Hursley. Giles ya auri Catherine Whelden a 1639. Constance ta auri Nicholas Snow, kuma a 1651 Bradford ya rubuta cewa tana da 'ya'ya 12, duk a raye.

'Ya'ya 12 filin Plymouth ba zai ishe su ba. A tsakiyar shekarun 1640 Nicholas Snow na cikin magidantan da suka tashi suka kafa sabon gari a ƙasar Nauset, wanda aka sa wa suna Eastham, Giles ma daga baya ya koma can. A bakin tekun wannan wuri ne, ranar 8 ga Disambar 1620 da asuba, mutanen Nauset suka yi wa 'yan leƙen Mayflower ruwan kibau, su kuma suka mayar da harbin bindiga, Stephen Hopkins na cikinsu. Haka aka yi ta yi a ko'ina cikin yankin: gida ya hayayyafa, a sayi fili ko a karɓa a bakin bashi, a saki shanu da aladu su shiga gonakin masarar da ba su da shinge, a kai ƙara kotun da baƙin ne alƙalanta. A 1675 abin ya fashe ya zama yaƙi ƙarƙashin Metacom, ɗan Massasoit ɗin nan da Hopkins ya kai wa jar riga. A watan Agustan 1676 aka kashe Metacom, aka kafe kansa a kan sanda a Plymouth, aka sayar da ɗaruruwan mutanensa bayi zuwa ƙetaren teku.

Constance ta ga wannan duka. Ta rasu a Eastham a watan Oktoban 1677, tana da shekara 71, aka binne ta a maƙabartar garin. A gidan tarihi na Pilgrim Hall da ke Plymouth akwai wata doguwar malafa ta gashin dabbar ruwa da ake cewa tata ce, irin gashin da baƙin suka riƙa saya daga hannun 'yan ƙasa suna aikawa Landan don biyan bashin fam 1,800.